Yadda ake zana wa ƙaramin gari tuta da tambari

Idan majalisar wani ƙaramin gari ta ɗora maka aikin fito mata da tuta da tambari, ajiye fensir tukuna ka je ka zauna da mutane. Tambaya ɗaya nake yi wa kowa, tsoho da yaro, malami da mai sana'a: me garin nan yake da shi wanda garin da ke kusa ba zai iya cewa nasa ba ne? Amsoshi za su zo buhu-buhu: kogi, dutse, tsohuwar gada, amfanin gona, masana'anta. Rubuta su duka. Sannan ka shiga aiki mafi wuya, wato zubar da kusan duka ka bar abu ɗaya, in ya yi yawa biyu.

A nan ake kai ruwa rana da kwamiti, kuma ban ga laifinsu ba, kowa na so ya ga unguwarsa a jikin garkuwar da ake zana tambarin a kanta. Sai dai garkuwar da aka yanka gida shida, aka cusa wa kowane gida hoto, ba mai iya tuna ta. Ina yawan nuna musu tambarin Inari, ƙaramar hukuma a can arewacin Finland: baƙar garkuwa, farin kifi guda, a kansa ƙahonnin zinariya na irin barewar nan da mutanen yankin ke kiwo. Kamun kifi da kiwo, sana'o'i biyu, a dabba ɗaya. Wanda ya gan shi sau ɗaya ya riƙe shi ke nan.

Ka fara da garkuwa kafin tuta, domin daga gare ta tutar za ta fito. Masu wannan fasaha a Turai sun raba launuka gida biyu tun zamanin mayaƙa masu sulke. Akwai ƙarafa biyu, zinariya da azurfa, waɗanda a takarda da yadi suke fitowa rawaya da fari. Akwai kuma launuka masu duhu: ja, shuɗi, kore, baƙi, da shunayya da ba a cika amfani da ita ba. Ka'idar ita ce kada ka ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, kada ka ɗora mai duhu a kan mai duhu. Farin tauraro a kan rawaya ɓacewa yake daga nesa, haka jan doki a kan kore, balle ga masu matsalar bambance ja da kore, waɗanda suna da yawa cikin maza. A Norway sun tsananta abin, har mafi yawan tamburan ƙananan hukumominsu launi biyu ne kacal, ƙarfe ɗaya da mai duhu ɗaya. Ni ina yarda da uku. Na huɗu sai an kawo mini hujja mai ƙarfi.

Hoton ma kada ka zana shi kamar na kyamara. Babu inuwa, babu gajimare a baya, babu launi mai shiga cikin wani a hankali. Idan itace ne, ka rage ganyen ka ƙara musu girma. Idan kogi ne, layi mai lanƙwasa ya wadatar. Abin ya cika garkuwar, kada ya maƙale a tsakiya kamar yana jin kunya. Dabba kuma ta fuskanci hagun mai kallo, wanda shi ne damar wanda ke riƙe da garkuwar.

Batun ma'ana yana bukatar gaskiya. Za ka ji ana cewa ja na nufin jarumta, shuɗi na nufin amana, kamar wata doka ce da aka saukar. Babu wannan dokar. Garin ne ke faɗin abin da launinsa ke nufi, don haka ka zaɓi ma'anar da ke da tushe a wurin, kamar kalar ƙasarsa ko ruwan tafkinsa. Tutar Amsterdam, ja da baƙi da ja da alamun X farare guda uku, tana cikin waɗanda aka fi ganewa a duniya. Mutane na cewa alamun na tsaye ne a madadin gobara da ambaliya da annoba, amma masana tarihi ba su sami abin da ya tabbatar da haka ba. Ita ma ta ɗora baƙi a kan ja, ta saɓa ka'idar da na ambata. Tsufan tambarinta ya sa ake ɗaga mata ƙafa, sabon zane ba zai sami wannan alfarmar ba.

Tuta kuwa yadi ce da iska ke kaɗawa, ana ganinta ta fuska biyu, galibi daga nesa. Saboda haka ban da rubutu, domin ta baya a juye yake karantuwa. Sunan gari da takensa su tsaya a hatimi da kan takardun ofis. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shimfiɗa abin da ke cikin garkuwar ya cika yadin, yadda garuruwan Switzerland ke yi da tutocinsu masu tsawo da faɗi daidai. Ko ka ɗauki launukan ka yi ratsi da su. Babbar alama ta zauna a tsakiya ko ta matso wajen sanda, don bakin da ke kaɗawa shi ke fara yagewa, kuma idan iska ta kwanta ɓangaren sanda ne ke bayyana.

Kafin ka kai wa majalisa, zana tutar a takarda mai girman kan sarki, ka miƙa hannu ka duba. Kusan haka za a gan ta a saman sanda. Sai ka nuna wa yaro na ɗan lokaci, ka ɓoye, ka ce ya zana. Idan ya kasa, koma ka rage. Garin Pocatello a jihar Idaho ta Amurka ya sha wannan darasin a bainar jama'a. A 2004 ƙungiyar masana tutoci ta Arewacin Amurka ta auna tutocin birane 150, tasu ta zo ta ƙarshe, domin cike take da rubutun talla har da alamar haƙƙin mallaka. A 2017 suka karɓi sabuwa bayan sun nemi zane daga jama'a: jajayen duwatsu uku a kan shuɗi, da alama mai ruwan zinariya a saman na tsakiya.

Ka binciki dokar ƙasar tun da wuri, don ba ko'ina ne majalisar gari ke da ta cewa ita kaɗai ba. A Jamhuriyar Czech shugaban majalisar wakilai ne ke bai wa gari tuta da tambari, bayan wani ƙaramin kwamiti ya duba zanen. A Fotugal kambin ganuwa da ake ɗorawa a kan garkuwa yana nuna matsayin wuri: hasumiya biyar ga birni, huɗu ga matsakaicin gari, uku ga ƙauye. Afirka ta Kudu na da ofishin rajistar tambura tun 1963.

Idan an amince, a rubuta bayanin tambarin da kalmomi a cikin ƙudurin majalisa, misali "koriyar garkuwa, farar gada mai baka uku". Wannan bayanin shi ne tambarin a hukumance, kowane mai zane na iya fitar da shi da hannunsa muddin bai saɓa masa ba. A haɗa da awon tutar da lambobin launi na masu ɗab'i. Ina kuma roƙon majalisa ta tsare hatimi don aikin ofis, amma ta sakar wa mazauna gari tutar, su ɗinka, su buga a riga, su rataya a ƙofar gida ba tare da neman izini ba.