Darasi na 9: Shayin Yamma, Abincin Dare da Barcinka

Akwai gajiyar da ba aikin ƙarfi ne ya kawo ta ba. Mutum ya tashi da safe jikinsa a mace, kansa ya yi nauyi, sai ya sha shayi mai kauri ko gahawa idonsa yake buɗewa. Da rana ta take kasala ta sake rufe shi, ya nemi lemon kwalba mai sanyi. Da yamma ya ƙara wani kofin. Dare ya yi, ya kwanta, ido ya bushe, yana ta juye-juye har ƙarfe ɗaya. Gari ya waye, a koma gidan jiya. Mutane da yawa sun shekara a haka suna ɗora laifin a kan tsufa ko yawan aiki, alhali abubuwa uku ne suka sarƙe da juna: abin da suke sha, abin da suke ci, da yadda suke barci. A wannan darasi za mu yi karatu, mu yi lissafi, mu kuma tafi gida da abin gwadawa.

Abin da ke cikin kofin

Sinadarin da ke wartsakar da mai shan shayi sunansa kafeyin. Yana cikin ganyen shayi, da gahawa, da goro, da cakulan, da baƙin lemon kwalba, da lemon ƙara kuzari. Har wasu magungunan ciwon kai da na mura ana saka musu shi. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Jamus, Friedlieb Ferdinand Runge, shi ne ya fara tace shi daga 'ya'yan gahawa a shekarar 1819.

Ga yadda yake aiki. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarka kaɗan-kaɗan. Yana da gurabensa da yake zama. Idan ya taru ya cika su, sai ka fara hamma, ido ya yi nauyi. Wannan shi ne saƙon da jiki ke aiko maka cewa lokacin hutu ya yi. Shi kuwa kafeyin, siffarsa ta yi kama da ta adenosin, don haka sai ya riga shi shiga guraben ya toshe. Saƙon gajiya ba ya isa, kai kuma ka ji garau.

A lura da kyau a nan, domin shi ne ginshiƙin darasin. Kafeyin bai kwashe gajiyar ba, ɓoye ta ya yi. Adenosin na nan yana ci gaba da taruwa, kuma da zarar ƙarfin kafeyin ya sake, gajiyar za ta faɗo maka gaba ɗaya. Barcin da ka rasa bashi ne a wuyanka. Gahawa tana iya roƙa maka a ɗaga ranar biya, amma ba ta biya maka ko kwabo.

Mu yi lissafi

Ana auna kafeyin da miligiram. Adadin yana bambanta gwargwadon kauri da girman kofi, amma ga kimanin abin da ake samu:

- kofin gahawa ɗaya: miligiram 80 zuwa 100
- kofin baƙin shayi ɗaya: miligiram 40 zuwa 50
- gwangwanin baƙin lemo: miligiram 30 zuwa 40
- ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari: miligiram 80

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, da takwararta mai lura da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, duk sun tsaya a kan cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a rana. Mai juna biyu kuwa, hukumar ta Turai ta ce ta tsaya a 200.

To amma yawan ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Lokacin sha ma yana da nasa hukuncin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kafeyin yana kai ƙarshen ƙarfinsa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya bayan an sha. Daga nan hanta ta shiga aikin narkar da shi, kuma ba ta gaggawa: tana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ta rage rabinsa. Ɗauki alƙalami ka bi wannan lissafin. Wani ya sha kofin gahawa biyu, miligiram 200, da ƙarfe 4 na yamma. Da ƙarfe 9 na dare saura 100 a jikinsa. Da ƙarfe 2 na dare saura 50. Ke nan a tsakar dare yana kwance da abin da ya kai kofin shayi guda a cikin jininsa, sannan yana mamakin abin da ya hana shi barci mai nauyi.

A shekarar 2013 wasu masu bincike a Amurka sun ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin lokacin kwanciyarsu, suka kuma auna barcinsu da na'ura. Barcin ya ragu da fiye da awa ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, su kansu mutanen ba su gane girman asarar da suka yi ba.

Jiki kuma suna suka tara. A ƙarshen goyon ciki hanta tana jinkiri sosai, kafeyin ya daɗe a jiki ninki biyu ko uku. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa su ma yana daɗe musu. Don haka kada ka auna kanka da abokinka.

Karatu a bayyane

Mutum biyu su karanta wannan hira, ɗaya ya zama dattijo, ɗaya ma'aikaciyar lafiya.

"Malama, ni fa shayi ba ya hana ni barci. Ina ajiye kofi nake yin minshari."

"Na yarda, Baba. Amma da safe yaya kake tashi?"

"A gajiye, kamar an yi mini duka."

"To ka gani. Barcin yana ɗaukarka saboda gajiya ta yi yawa, amma ba ya yin zurfi. Sau nawa kake farkawa?"

"Sau biyu ko uku, in zaga fitsari."

"Shayin yana da hannu a wannan ma. Ka mayar da shi safe da hantsi. Bayan ƙarfe 2 na rana ka bar shi."

"'Yata, na taɓa bari kwana ɗaya, kaina kamar zai tsage."

"Haka yake yi wa wanda ya saba, Baba. Ba cuta ba ce. Kada ka yanke lokaci guda. Ka rage rabin kofi, bayan kwana uku ka sake ragewa."

Gaskiya ma'aikaciyar ta faɗa. Wanda ya saba da kafeyin, idan ya daina farat ɗaya, ciwon kai yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, tare da kasala da saurin fushi. Yakan yi tsanani a kwana na farko da na biyu, ya wuce cikin mako guda ko fiye da haka kaɗan. Mutane da yawa a nan suke karaya, su ce jikinsu ba ya iya rayuwa sai da shi. Ragewa a hankali ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ke cikin kwanon

Wanda bai yi barci sosai ba yakan wuni da kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Ba raunin zuciya ba ne kawai. Rashin barci yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, yana rage wanda ke sanar da ƙoshi. Sai mutum ya kai hannu ga abin da ke ba da ƙarfi nan take: lemo, biskit, shayi mai sukari cokali huɗu. Ƙarfin ya zo da sauri, ya tafi da sauri, ya bar shi yana neman ƙari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana. Ga baligi wannan ya kama kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma ta ce in an iya komawa 6 ya fi. Gwangwanin baƙin lemo ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 35, kusan cokali 9. Wanda ya sha biyu ya riga ya tsallake iyaka tun bai taɓa shayinsa ba. Gishiri kuwa, hukumar ta ce ƙasa da giram 5 a rana, bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye a ɗanɗanon miya da abincin gwangwani. Yawan gishiri yana kai wa ga hawan jini.

Abincin da ke riƙe mutum shi ne wanda ciki ke narkarwa a hankali: hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, wake, ƙwai, kifi, ganye da 'ya'yan itatuwa. Wanda ya karya da irin wannan ba ya yawan neman agajin lemo da hantsi.

Ga wani abu da ya kamata mata musamman su riƙe. Shayi da gahawa suna hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda jiki ke gina jini da shi. Mai fama da ƙarancin jini, idan tana kora abincinta da shayi, tana rage amfanin abin da ta ci. Ta bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakanin abinci da shayi. Lemon zaƙi ko tumatir a tare da abincin kuwa suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen.

Sai abincin dare. Cika ciki da abu mai maiƙo ko yaji, sannan a miƙe a gado nan take, yana sa ruwan ciki ya taso zuwa maƙogwaro. Wannan zafin ƙirjin, ƙwannafi, yana katse barcin mutane da yawa. A ci da wuri, a bar awa biyu zuwa uku kafin a kwanta.

Barcin kansa

Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye a kowane dare. Matasa masu shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar 8 zuwa 10, yara 'yan makaranta kuma 9 zuwa 12. Wannan ne ya sa ba na ganin dalilin ba yaro lemon ƙara kuzari ko kaɗan. Wanda ya mayar da gajeren barci al'ada yana ƙara wa kansa haɗarin hawan jini, ciwon sukari, ƙiba da ciwon zuciya.

Akwai haɗarin da ba ya jiran shekaru. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a shekarar 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Ka dubi direban da ya fito tun asuba, dare ya raba yana kan hanya. Ya sauke gilashi don iska ta buge shi, ya ƙara sautin rediyo, gwangwani biyu babu komai suna gangare a ƙarƙashin kujera. Kansa ya sunkuya na daƙiƙa uku. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin fiye da mita 80 a cikin daƙiƙa ukun nan, babu mai tuƙa ta. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Direba ko mai aiki da inji da ya fara gyangyaɗi, ya tsaya ya kwanta ko na minti 20 ne. Babu abin shan da ke maye gurbin wannan.

Gyaran barci ba ya cin kuɗi. Jiki yana son tsari: a kwanta lokaci guda, a tashi lokaci guda, har ranar hutu. Duhu yana sa ƙwaƙwalwa ta saki melatonin, sinadarin da ke shirya jiki don barci, haske mai ƙarfi kuma yana jinkirta shi. Saboda haka a rage fitila, a ajiye waya nesa da matashin kai. Ita waya ba haskenta kaɗai ba, labaran da ke cikinta ma suna hana zuciya kwanciya. Da safe a fita a sha hasken rana. Barcin rana yana da amfani idan gajere ne kuma bai kai yamma ba.

Wasu matsalolin sun fi ƙarfin gyaran gida. Idan mai ɗakinka ko mijinki yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa sannan ya zabura, kuma yana wuni da gyangyaɗi, a je asibiti, domin akwai cutar toshewar numfashi a barci kuma ana maganinta. Haka wanda zuciyarsa ke bugawa da sauri ko hannunsa ke rawa bayan ya sha kafeyin, da wanda ya yi watanni barci yana gagararsa. Kada a sayi ƙwayar barci ba da izinin likita ba.

Aikin gida

Ka ja layi a littafinka, ka yi gida huɗu: rana, abin da na sha da lokacinsa, lokacin cin abincin dare, lokacin kwanciya da na tashi. Ka cike shi kwana bakwai ba tare da ka canza komai ba. A mako na biyu ka canza abu ɗaya tak: babu shayi, gahawa, goro ko baƙin lemo bayan ƙarfe 2 na rana. Ka ci gaba da rubutawa, ka ƙara kalma ɗaya kowace safiya a kan yadda ka tashi.

Kafin haɗuwa ta gaba, amsa waɗannan a rubuce:

1. Wata mai juna biyu ta sha kofin gahawa ɗaya mai miligiram 90, da shayi kofi biyu masu 45 kowanne, da gwangwanin baƙin lemo mai 35. Nawa ta sha? Ta wuce 200 ko ba ta wuce ba?
2. Wani ya sha miligiram 160 da ƙarfe 6 na yamma. Kimanin nawa ya rage a jikinsa da ƙarfe 11 na dare?
3. Ƙirga cokulan sukarin da ka sha jiya, har da na cikin lemo. Rubuta adadin da lamba, sannan da kalmomi.