Darasi na Shida: Raya Tsohuwar Bindigar Farauta Mai Ɗura Kanta

Kafin ka taɓa komai, ka ja sakata (ƙarfen da ke kulle harsashi a mazauninsa) baya, ka leƙa mazaunin harsashi da bututun ajiya da ke ƙasa, ka tabbatar babu harsashi ko ɗaya, domin tsohuwar bindiga takan yi shekara da shekaru a jingine alhali tana ɗure.

Za mu yi misali da Auto-5, wadda John Browning ya ƙirƙira a 1898, kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya riƙa ƙera ta, ba a kuma daina ba sai a 1998. Tana cin harsashi biyar, huɗu a bututun ajiya, ɗaya a mazauni.

Idan aka ɗana kunama harsashi ya tashi, ƙarfin tashinsa yana tura bututun harbi da sakata baya tare, a kulle da juna. Da sun kai ƙarshe sai a riƙe sakata, babban sifirin ya mayar da bututu gaba shi kaɗai, kwanson da aka harba ya fice waje. Sai bayan nan ne sakata take sakuwa, ta tura sabon harsashi cikin mazauni.

Abin da ke rage ƙarfin wannan tafiya shi ne zoben tagulla da zoben ƙarfe da ke kewaye da bututun ajiya, kuma a nan ne yawancin masu gyara suke kuskure. Jerin zobban na harsashi mai ƙarfi daban yake da na mai sauƙi. Idan aka jera su ba daidai ba, ko aka cika wa bututun ajiyar mai, bindigar za ta riƙa bugun kanta har katakon gaba ya tsage. Ɗan digon mai da aka goge da ƙyalle ya wadatar, zoben da ya cinye da sifirin da ya saki kuwa a canja su.

Tsatsar waje a bi ta da mai a hankali, kada a kankare ta da samfefa, domin dusashewar launin ƙarfen tana cikin darajar bindigar.

Sai batun harsashi. Tsofaffin masu lamba 16 (lambar da ke nuna faɗin bututun harbi) da yawa mazauninsu milimita 65 ne, harsashin yau kuwa yawanci milimita 70 ne. Kada ka harba ta sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna mazaunin, ya kuma duba lafiyar bututun.