Yadda ake amfani da "hold your horses" ba tare da an yi ɓaranɓarama ba

Ranar da na fara koya wa 'yan ajina na yamma a Unguwar Rogo wannan magana ta Turanci, wadda fassararta kai tsaye ita ce "riƙe dawakinka", wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wanda ba shi da doki fa?" Aji ya bushe da dariya, amma tambayarsa tana kan hanya.

Fara da dokin gaske. Je ka filin folo na Jos ka tsaya kusa da yaran barga. Za ka ga doki yana turza ƙasa, yana fizgar kai, so yake ya zabura, yaro kuwa ya naɗe ragama a hannu ya riƙe gam. In aka ce masa "hold your horses", dawakin nan masu ƙafa huɗu ake nufi. Daga zamanin keken doki maganar ta fito, kuma tun shekarun 1840 jaridun Amurka ke amfani da ita da ma'anar a dakata.

Yau galibi babu doki a zancen. Ita ce tamu ta "ja linzami", ko "saurin me kake yi?" Ƙanenka ya ga waya a kasuwar Taminus ta Jos, ya zaro kuɗi tun bai kunna ta ba, to nan ne wurinta. Kuma kullum "horses" ake cewa, ko da mutum ɗaya kake yi wa magana. Kada ka gutsure mata harafin ƙarshe.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne wa ake gaya wa. Magana ce ta aboki da aboki, ko yaya da ƙane, da ɗan murmushi. Ɗan yayata ya taɓa jefa wa ogansa ita a tsakiyar taro a Abuja, wai shi ga mai Turanci. Ɗaki ya yi tsit, sai da ya bi shi har ofis yana ba da haƙuri. Wanda za ka ce wa "ranka ya daɗe", ba ka ce masa ya ja linzami, ko da Hausa.

Kada ka haɗa ta da "hold your tongue", wannan kama bakinka ne, kuma ta fi zafi. A wasiƙar neman aiki ko ta jarrabawar WAEC kuwa, duk wanda ya rubuta mini ita, jan biro yake sha.