An rubuta "kada a daskarar" a jikinsa: yadda nake gane wanda zai shiga firiza

Shekarun baya na taɓa zubar da robar kirim ɗin madara guda da rabin cuku. Ba lalacewa suka yi ba, tafiya ce ta kama ni, kuma a jikin kowannensu an rubuta cewa bai dace da firiza ba. Na bi rubutun, amma abin ya tsaya mini a rai har na dawo, don ba na iya ganin abinci mai kyau a kwandon shara. Daga nan na shiga gwaji kaɗan-kaɗan, har na gane cewa gargaɗin nan ba dalili ɗaya gare shi ba. Wani lokaci lafiyarki ake karewa. Sau da yawa kuwa kamfani sunansa yake karewa, ba ya so ki narkar da kayansa ki tarar sun tsinke ki ce ba su da kyau. Kafin ki buɗe firiza, ki fara gane wanne ne a hannunki.

Firiza mai lafiya tana riƙe sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Ruwan da ke cikin abinci idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, tsinin ƙanƙarar kuma ya huhhuda jikin abincin. Shi ya sa latas da kokwamba, waɗanda kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsu ruwa ne, suke fitowa laƙwas. Su kam na daina wahalar da kaina. Abin da aka gauraya mai da ruwa, irin mayonis, shi kuma rabuwa yake yi, mai gefe ruwa gefe. Babu guba a ciki, kyan gani da daɗin baki ne suka tafi.

Inda ba na sassauci shi ne nama, kaza ko kifin da aka rubuta cewa an taɓa daskarar da shi aka narkar kafin a sayar. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su, da ɗumi ya taɓa su sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Akwai ma wadda ake kira listeriya, da take iya yaɗuwa a hankali ko a cikin firiji. Ni ban ga yadda aka narkar da naman nan ba, ban san awa nawa ya yi a hanya ba, don haka ba na mayar da shi ɗanye. Dafa shi nake yi ya dahu har ciki, ya huce, kafin awa 2 ya shiga firiza. Dafaffen ba shi da matsala. Idan a gidan akwai mai juna biyu, tsoho, jariri ko mai jinya, yankakken naman da ake ci ba dafawa da cuku mai laushi a bi abin da aka rubuta kawai. Haka madarar jarirai: masu yin ta sun hana daskarar da ita, kuma cikin jariri ba wurin gwaji ba ne.

Wani gargaɗin kuma ba da abincin ake ba, da mazubin ake. Kwalba cikakkiya, gwangwanin da ba a fasa ba, lemo mai gas, duk kumburin nan yana iya tsage su. Juye abin da ke ciki a roba mai murfi, ki bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a sama, shi ke nan. Lemon gas dai a bar shi a firiji. Ƙwai ma haka yake, da ɓawonsa fashewa zai yi. Fasa shi ki kaɗa farin da gwaiduwar tare, ki ɗan barbaɗa gishiri ko sukari don kada gwaiduwar ta yi danƙo, ki rubuta wanda kika sa, kada na gishiri ya faɗa kwaɓin kek.

Kayan madara su ne suka fi cin lokacina, kuma a nan ne aka fi yin asara a banza. Dokata ita ce, abin da zai bi ta wuta ko injin markaɗe zai iya shiga firiza, wanda za a ci yadda yake kuwa na bar shi. Cuku mai tauri idan ya narke marmashewa yake yi, ba ya yankuwa da kyau, saboda haka tun kafin ya shiga nake goge shi, in zuba a leda, in riƙa ɗiba da ƙanƙararsa ina watsawa a kan abinci mai zafi. Babu wanda ya taɓa gane bambanci a gidana. Madara tana rabuwa, har takan yi ɗan rawaya-rawaya, amma idan ta narke aka girgiza ta sosai tana komawa, ta yi kwaɓi da girki. Yogot yana tsinkewa ya yi gudaji, ba na jin daɗin shansa da cokali, sai dai a markaɗa shi da 'ya'yan itace ko a jiƙa nama da shi. Kirim kuwa gwargwadon maiƙonsa gwargwadon juriyarsa. Mai kitse wajen kashi 40 cikin 100 yana fitowa lafiya, musamman in an ɗan buga shi tukuna, mara maiƙo kuma ruwa yake zama, sai dai a zuba shi a tukunya ana juyawa. Mayonis kuwa na haƙura da shi gaba ɗaya, na gwada sau uku bai taɓa haɗuwa ba.

Ranar daina amfani da aka rubuta a jikin kaya tana nan daram. Ki daskarar kafin ta cika, ba bayan ta wuce ba, kuma gara tun ranar da kika buɗe. Raba shi daidai abin da za a ci sau ɗaya, matse iskar ledar ta fita, shimfiɗa ta ta yi faɗi, don abin da ya daskare da sauri ƙanƙararsa ƙanana ce, ɓarnarta kaɗan. Rubuta suna da kwanan wata. Irin waɗannan kayan da tun farko ba a yi su don firiza ba, ni ba na barin su wuce wata biyu, ɗanɗanonsu yana saurin gushewa.

Wajen narkarwa ne mutane suka fi yin ganganci. A cikin firiji ake yi, a kan faranti a ƙasan komai, ba a kan teburin kicin ba, domin wajen abin yana ɗumama alhali cikinsa dutse ne. Da ya gama narkewa a ci shi cikin awa 24, wanda za a ɗumama kuma ya yi zafi har tsakiya, yana tururi, wajen digiri 75.

Idan na sayo sabon abu da ban taɓa gwadawa ba, ba na jefa shi duka. Cokali biyu nake ɗiba in zuba a farantin ƙanƙara, ya kwana, washegari in narkar a firiji in duba, in ɗanɗana, in ɗora rabi a wuta in ga ko zai haɗu. Abin da na gani nake rubutawa a takardar da na manna a ƙofar firiza, sannan in yanke wa sauran hukunci tun ranarsa ba ta cika ba.