Yadda Za Ka Saita Wa Dattijo Waya Ya Riƙa Amfani Da Ita Da Kansa

Yawancin wayoyin da 'ya'ya ke saya wa iyayensu a Sakkwato Tecno ce ko itel ko Infinix, kuma yadda aka ciro ta daga kwali haka ake miƙa ta. Kafin wata ya zagayo sai ka tarar Inna ba ta kira sai an danna mata, ba ta duba kuɗinta sai ta faɗa wa wani lambar sirrinta. Gyaran bai wuce na rabin awa ba, amma a yi shi mai wayar yana zaune, don idonsa da yatsansa ne ma'auni.

Fara da rubutu. Shiga Settings, ka nemo Accessibility. Za ka ga Font size da Display size, kuma aikinsu daban ne: na farko haruffa yake ƙara wa girma, na biyu maɓallai da gumakan manhajoji. Kada ka ja su zuwa ƙarshe lokaci guda, domin a ƙaramin allo kalmomi kan yanke, maɓallin tura kuɗi kuma ya ɓuya a ƙasa. Ƙara mataki ɗaya, ka miƙa masa ka ce, "Baba, karanta mini sunan nan." Inda ya karanta ba tare da ya matso da wayar fuskarsa ba, nan za ka tsaya. WhatsApp na da nasa saitin a ƙarƙashin Chats, a mayar da shi Large. Lokacin mutuwar allo kuma a ɗaga shi daga daƙiƙa 30 zuwa minti 2.

In an kai rubutu ƙarshe bai gani ba, to matsalar ta wuce waya. Gilashin karatu na kasuwa raunin gani na kusa kawai yake gyarawa, ba ya maganin yanar ido ko hawan jinin ido, kuma shi hawan jinin ido abin da ya cinye ba ya dawowa. A kai shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani asibiti mai likitan ido.

Sai taɓawa. Dattijo kan daɗe da yatsa a kan allo, wayar ta ɗauka so yake ya ja gunki ko ya goge shi. Nemo Touch & hold delay ka sa shi Long, sannan ka mayar da wayar kan maɓallai uku na ƙasa maimakon shafar allo. Da hunturu wata matsalar ke fitowa: allon yana gane yatsa ne ta 'yar lantarkin da fata ke ɗauka, busasshiyar fata kuwa ba ta ɗauka sosai, sai ya danna sau uku ba amsa. Ɗan mai a yatsa, a goge, yana warware wannan, ko alƙalamin allo mai kan roba.

TalkBack na wanda ba ya gani ne, yana karanta abin da aka taɓa, kuma yana sauya yadda wayar ke aiki baki ɗaya: sai an taɓa sau biyu abu ke buɗewa. Kada a kunna wa mai sauran gani. In ya kunnu bisa kuskure, a yawancin wayoyi danne maɓallan sauti biyu na daƙiƙa 3 yana kashe shi.

A fuskar wayar a bar abu biyar ko shida kawai. Sa hoton kowane ɗa a lambarsa, ka fito da shi fuska ta Direct dial, taɓawa ɗaya ta kira. Dattawanmu da yawa ajami ya fi zama a idonsu a kan boko, don haka ƙara madannin Larabci ka rubuta sunayen da shi. A ƙaramar waya mai maɓalli, lamba 2 zuwa 9 kowace na ɗaukar mutum ɗaya a Speed dial, wato a danne lambar ta kira shi. Rubuta jerin a takarda ka manna a bayanta.

Ga mai raunin ji, haɗa ƙara da jijjiga. In kunne ɗaya ne ke aiki kunna Mono audio, sautin duka ya fito ta kowane ɓangare na abin saurare. Mai na'urar ji kuma ya san lambar batirinsa, 10 ko 13 ko 312 ko 675, kuma bayan ɓare takardar da ke jikin sabon batiri a jira minti ɗaya, don iska ce ke tayar da shi.

Harkar kuɗi ita ta fi buƙatar natsuwa. Lambobin banki irin su *737# ko *894# suna yankewa in an jinkirta amsa, shi ya sa dattijo ke tura kuɗi sau biyu yana zaton na farko bai tafi ba. Rubuta masa matakan da manyan haruffa, lambar asusun na gabansa kafin ya fara, kuma ya jira alat kafin ya maimaita. Lambar sirri kada ta zama shekarar haihuwa, kada a rubuta ta a jikin kati ko bayan waya, kuma a wurin mai POS shi zai danna da hannunsa. A koya masa amsa guda ga duk wanda ya kira yana neman BVN ko lambar da ta shigo ta saƙo: "Zan je banki da kaina," ya kashe. Tura STOP zuwa 2442 yana rage saƙonnin talla, kuma a kunna wa WhatsApp ɗinsa lambar tsaro mai alƙaluma 6.

'Yan fanshon tarayya da ke ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan 'yan tsohon tsarin fansho, suna tabbatar da suna raye ta intanet da hoton fuska. Ya fuskanci haske, kada taga ta kasance a bayansa, a goge kyamara, a cire gilashi.

Da bazara zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Kada a yi caji ƙarƙashin matashin kai ko a bar waya cikin mota. In bayanta ya kumbura a daina cajin nan take, a kai wa mai gyara ya canja batirin.