Idan Wi-Fi ya ɓace bayan ka haɗa sabon kernel (zuciyar tsarin aikin kwamfuta) na Linux

1. Koma tsohon kernel ta GRUB (jerin zaɓin da ke fitowa idan ka kunna kwamfuta), ka buga `lspci -k`. Layin "Kernel driver in use" zai nuna direban katin Wi-Fi ɗin, wato manhajar da ke sa katin aiki. Na Intel yawanci iwlwifi ne.

2. Shiga sabon kernel ɗin, ka buga `uname -r`, ka duba ko lambar da ya nuna tana cikin /lib/modules. In babu, ba a yi `make modules_install` ba.

3. Nemi CONFIG_IWLWIFI da CONFIG_IWLMVM a cikin .config, fayil ɗin saitunan haɗa kernel. `make localmodconfig` yakan zubar da duk direban da ba a loda ba a lokacin da aka gudanar da shi.

4. Nan ne aka fi tuntuɓe. In direban na kan =y (an haɗa shi cikin kernel kansa), yakan nemi firmware (manhajar da ake loda wa katin) tun kafin a buɗe faifan da /lib/firmware yake, sai `dmesg` ya nuna "failed with error -2". Mayar da direban =m (module, wanda ake lodawa daban daga baya), ka sake haɗawa. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan cusa firmware cikin kernel.

5. In `modprobe iwlwifi` ya ce "Key was rejected by service", direban ba shi da sa hannun dijital ɗin da ake buƙata. Sa masa hannu, ko ka kashe Secure Boot (tsaron da ke hana loda abin da ba shi da sa hannu), ka sake kunna kwamfutar.