Yadda ake romon albasa irin na Faransa a tukunyar lantarki mai jinkirin dahuwa

Abin da Faransawa suke kira miyar albasa ba miyar tuwo ba ce. Romo ne da ake sha da cokali kamar romon farfesu, sai dai babu tsokar nama a cikinsa: albasa ce zalla wadda aka dafa har ta koma ruwan ƙasa ta yi zaƙi, aka tsinka ta da romon ƙashin saniya, aka ɗora mata gasasshen burodi da cuku mai narkewa a sama. Sunan wannan abinci ya daɗe a haɗe da tsohuwar kasuwar Les Halles ta tsakiyar birnin Paris, inda 'yan dako da mahauta da masu kwana a waje suke shan sa kafin gari ya waye domin korar sanyi, har zuwa shekarar 1969 da aka mayar da kasuwar garin Rungis. Abincin talaka ne tun asali, domin albasa da ƙashi da burodin jiya ba su cika yin tsada ba.

Wahalar girkin duka tana wuri ɗaya, wato soya albasar. A kan murhu sai mutum ya tsaya kusan awa guda yana juyawa a kan wuta kaɗan, kuma da zarar hankalinsa ya ɗauke na 'yan mintuna ƙasan tukunya zai kama, ɗaci ya shiga. Tukunyar lantarki mai jinkirin dahuwa, irin wadda kamfanin Rival na Amurka ya fara sayarwa da sunan Crock-Pot a 1971, tana ɗauke wa mai girki wannan tsayuwar, amma tana zuwa da nata sharaɗin, kuma wanda bai san sharaɗin ba zai buɗe murfi ya tarar da dafaffiyar albasa fara fat tana iyo cikin ruwa. Saboda haka ake yin aikin hawa biyu: a fara da albasa ita kaɗai, sai ta kai inda ake so sannan a kawo romo.

Kayan da za a tanada

Domin mutum shida, ana buƙatar albasa kilo 1.5, wato manya kamar bakwai ko takwas, da bota gram 50, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da romon ƙashin saniya lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Sai tafarnuwa ƙwara uku, busasshen tayim ƙaramin cokali ɗaya, masoro kaɗan, da ganye biyu na ganyen ƙamshin nan da ake jefawa a dafa-duka, wanda a kasuwannin Nijar ake kira lorye. Za a kuma nemi binega babban cokali ɗaya ko biyu, da burodi mai tauri, da cuku kimanin gram 200.

A Faransa albasa mai launin ɗorawa ake amfani da ita, mu kuwa wadda ta fi yawa a kasuwanninmu ja ce, irin ta Galmi da ke jihar Tawa ko wadda ake lodi daga Aliero ta jihar Kebbi. Ta yi daidai ƙwarai. Romonta yakan fi duhu, wani lokaci ma har ya ɗan yi toka-toka kafin a zuba binega, amma wajen ɗanɗano ba ta gaza ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne ɗanyar albasa sabuwar cira wadda ba ta sha iska ba, saboda ruwanta ya yi yawa, da kuma wadda ta fara tsiro. Idan ba a sami bota ba man shanu zai yi, amma a rage shi zuwa rabi a cike da man gyaɗa, don ƙamshinsa yana da ƙarfin da zai iya danne na albasar.

Girkin na asali ana zuba masa giyar inabi, kuma duk wanda zai ci shi a gidan abinci a ƙasar waje ya kamata ya tambaya. Aikin da take yi a tukunyar shi ne kawo ɗan tsami da zai karya zaƙin albasa, wanda kuma binega ko ruwan lemon tsami suna yin sa ba tare da an rasa komai ba.

Romo tukuna

Romon ƙashi ya fi kyau a yi shi kwana guda kafin ranar girki. A samu ƙashin saniya kilo ɗaya da rabi, a roƙi mahauci ya haɗa da na gwiwa da ɗan guntun jela, a wanke, a gasa a obin mai zafin digiri 220 na kimanin minti 40 har ya yi ja sosai, ko kuma a soya shi a busasshiyar tukunya da ɗan mai. Daga nan a zuba masa ruwa lita uku, a bar shi yana ɓararraka a hankali na awa huɗu ko fiye, ana kwashe kumfar da ke tasowa. A tace, a sa a firij, washegari a ɗebe kitsen da ya daskare a sama. Kada a sa masa gishiri, kada kuma a sa citta da kanumfari da attarugu kamar yadda hannu ya saba a farfesu, domin wannan romon bayan albasa zai tsaya, ba gabanta ba. Wanda ba shi da lokaci zai iya jiƙa dunƙulen magi a ruwan zafi, amma bambancin a fili yake, kuma dole ya janye hannu daga gishiri.

Hawa na farko: albasa ita kaɗai

A ɓare albasar, a raba kowace gida biyu daga kai zuwa gindi, a cire gindin, sannan a yanka ta a tsaye, wato wuƙa tana bin jijiyar albasar daga kai zuwa gindi, kaurin kowane yanki kamar rabin santimita. Wannan ba ƙa'idar ado ba ce. Albasar da aka yanka a kwance, zobe-zobe, ko aka yi mata sirara ƙwarai, ba za ta jure awa goma sha biyu a tukunya ba, narkewa za ta yi ta zama kamar kunu. Wuƙa mai kaifi tana rage yajin ido, haka ma ajiye albasar a firij na rabin awa kafin yanka.

A narkar da botar, a juye albasar a cikin kaskon tukunyar, a zuba bota da gishiri, a cakuɗa da hannu har kowane yanki ya sami maiƙo. Tukunya mai cin lita biyar ko shida za ta cika kusan baki, kuma wannan ba abin damuwa ba ne, domin kafin safiya albasar za ta sauka ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Kada a ƙara ruwa ko ɗigo. A rufe, a murɗa maɓallin zuwa ƙaramin zafi, a bar ta awa 10 zuwa 12. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, ta yadda za a duba ta da hantsi. Gidan zai kwana da warin albasa a awannin farko, don haka idan akwai soket a baranda ko a wani ɗakin ajiya mai taga, gara a kai tukunyar can.

A nan ne sharaɗin da aka ambata yake. Albasa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Canjin launi da ɗanɗanon da ake nema yana faruwa ne idan sukarin da ke cikinta ya haɗu da sinadaran furotin a kan zafi, abin da masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma wannan haɗuwa tana sauri ne idan zafi ya haura digiri 140 a wuri busasshe. Tukunyar lantarki kuwa ba ta wuce zafin tafasar ruwa, murfinta kuma yana mayar da tururi ciki. Shi ya sa abin da murhu yake yi a awa ɗaya ita take ɗaukar dare guda, shi ya sa kuma ruwa yake taruwa a ƙasa.

Karon farko da na gwada, na buɗe murfi da safe na ga albasa ta yi laushi, launinta kamar na shayi mai madara, ruwa ya kai rabin ɗan yatsa. Na yi gaggawa na zuba romo a haka, abin da ya fito kuwa salam ne, ga wani zaƙi mara daɗi irin na dafaffiyar albasar miya. Gyaran ba wuya: idan aka tarar da ita haka, a juya ta da muciya, a mayar da maɓallin zuwa babban zafi, a karkata murfin a bar kafa kamar faɗin yatsa biyu, ko a gitta muciyar a bakin tukunya a ɗora murfin a kanta. A bar ta awa biyu zuwa uku, ana leƙawa duk bayan rabin awa ana kankaro gefe, saboda gefen kaskon ne ya fi zafi kuma nan ne take fara kamawa. Mai sauri zai iya juye ta a faffaɗan kasko ya ƙarasa a kan murhu cikin minti goma sha biyar.

Alamar ta yi ita ce launinta ya koma kamar na dabino, ta haɗe tana sheƙi, idan aka ja muciya a tsakiya hanyar ba ta rufewa da ruwa nan take, ƙamshinta kuma ya bar na albasa ya koma kamar na alewar madara da ta fara ja. Idan wani yanki a gefe ya yi baƙi ƙirin, a tsince shi a yar, kada a cakuɗa shi ciki, don ɗan kaɗan ya isa ya ɓata tukunya guda.

Hawa na biyu: haɗa romo

A daka tafarnuwa a zuba, a sa tayim da ganyen lorye da masoro, a juya. A ɗumama romon a kan murhu kafin a zuba, domin kaskon tukunyar na yumɓu ne, ruwan sanyi daga firij a kan kasko mai zafi yana iya tsaga shi. A fara da lita ɗaya da rabi, a kankare duk abin da ya manne a gefe ya narke a ciki, a rufe ruf, a bar shi awa biyu a babban zafi ko awa huɗu a ƙarami. Ya kamata kowane cokali da aka ɗebo ya fito da albasa, amma kada ya yi kaurin miyar taushe. Idan ya yi kauri sai a ƙara sauran romon.

Sai a ƙarshe ake sa binega, cokali ɗaya tukuna, a ɗanɗana, a gyara gishiri, a sake ɗanɗanawa. Idan har yanzu zaƙi ne yake gaba a harshe, a ƙara rabin cokali. A tsame ganyen lorye a zubar.

Akwai abu biyu game da wuta da ya kamata a faɗa. Wannan tukunya ba ta da cin lantarki, yawancinsu ba sa wuce wat 300, don haka inbata ko sola mai matsakaicin ƙarfi yana iya riƙe ta. Amma idan wuta ta ɗauke bayan an zuba romon nama, kada a bar shi yana hucewa a rufe ana jiran a dawo da ita, a juye a tukunya a ƙarasa a kan gas ko gawayi. Wanda kuma ya kwana a haka ba a san tun yaushe ya huce ba, zubar da shi ya fi. Na biyu, wanda ya sayi tukunyar a gwanjo ya duba rubutun da ke ƙasanta, domin waɗanda aka ƙera don Amurka na wuta bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, idan aka jona ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba ƙonewa za ta yi.

Burodi da cuku

Wannan hawan tukunyar lantarki ba ta iya shi ba, sai obin. A yanka burodi da kaurin santimita biyu, a gasa shi har ya bushe ya yi ƙaras ciki da waje. Dogon burodin baget, wanda ake samu ko'ina a Yamai da Maraɗi da Damagaram, shi ne ainihin na wannan aiki, kuma wanda ya kwana ya fi sabo. Burodinmu mai laushi da sukari na Najeriya yana shan romo ya nutse ya zama kamar kunu, don haka idan shi kaɗai ake da shi, a gasa shi a wuta kaɗan har sai ya yi tauri kamar biskit.

Cukun da aka saba sawa shi ne Gruyère na ƙasar Siwizalan ko Comté na Faransa, waɗanda sai a manyan kantuna ake ganin su kuma da tsada. Mozarela tana narkewa ta yi yauƙi amma ba ta da ɗanɗano sosai, saboda haka haɗa ta rabi da rabi da cheda ya fi. Busasshen cukun Buzaye da cukun Fulani da ake soyawa ba sa narkewa, ba za su yi wannan aikin ba.

A zuba romon da zafinsa a kwanonin tangaran masu jure wuta, a bar kamar yatsa biyu daga baki, a ɗora burodi yanka ɗaya ko biyu, a goga cukun a barbaɗa har ya rufe burodin ya taɓa gefen kwanon. A jera kwanonin a kan tire, a kunna wutar sama ta obin, a sa su na minti uku zuwa biyar ana tsaye a wurin, har cukun ya yi kumfa ya fara ɗigon ja. Wanda ba shi da obin ko irin waɗannan kwanoni sai ya narkar da cukun a kan burodin cikin kasko mai murfi, ya ɗora a kan romon lokacin sha. A bar kwanon ya huta minti biyar kafin a miƙa wa kowa, musamman yara, saboda cukun yana rufe tururi, romon da ke ƙasa ya fi yadda ido ke gani zafi.

Abin da ya rage, ba tare da burodi da cuku ba, yana kwana uku a firij, a firiza kuma yana kai wata uku. Tun da albasar ce take cin lokaci, idan ta yi araha a kasuwa ana iya cika tukunyar da ita, a yi hawa na farko kawai, a raba a ƙananan robobi a daskarar, ranar da ake so sai a ɗumama romo a kan murhu a jefa roba ɗaya.